Yadda Ake Tara Tsofaffin Bangon Ashana na 'Yan Besbol: Jagora Daga Zaɓe Zuwa Adanawa

A watan Agustan 2022 an yi gwanjon wani ɗan kati mai hoton Mickey Mantle, tauraron besbol (wasan ƙwallo da kulki na Amurka), wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, aka sayar da shi dala miliyan 12.6. Wannan kasuwa ce ta manya, talaka sai kallo. Amma a gefen kasuwar akwai wata 'yar rumfa da ba kowa ke leƙawa ba, inda za ka tarar da hotunan fitattun 'yan wasan besbol na shekarun 1930 a kan kwalin da bai kai faɗin yatsu uku ba, a farashin da bai kama ƙafar na katunan zamaninsu ba. Bangon ashana ke nan.

Sai na ɗan yi bayani, domin ashanar da muka saba da ita ta ɗan akwati ce mai tsinkayen itace. Wadda ake magana a kanta daban take. Kwali ne siriri da aka naɗe kamar ƙaramin littafi, tsinkayen kwali guda 20 a jere a cikinsa kamar haƙoran matsefi, an ɗaure su da fin irin na sitefula, sannan ga baƙin zirin da ake ƙyastawa a jikin bangon. Wani lauya a Philadelphia mai suna Joshua Pusey ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1892, bayan 'yan shekaru kamfanin Diamond Match ya saye haƙƙin. Abin da ya ɗaukaka ta talla ne. Otal, gidan abinci, banki, gidan mai, ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, kowa ya gane cewa ga allon talla da mutum zai sa a aljihu ya zaro sau ashirin. Shekara da shekaru kyauta ake rabawa a Amurka, a yi amfani da ita a jefar. To, wanda ya tsira daga kwandon shara shi muke nema, kuma bangon muke so, ba tsinkayen ba.

Mataki na farko: zaɓi layinka tun kafin ka taɓa aljihu

Kuskuren sabon shiga ɗaya ne a ko'ina: duk abin da ya gani mai hoton ƙwallo da kulki sai ya saya. Bayan wata shida yana da tarkace cike da kwali, ba kai ba gindi, kuɗi kuma sun tafi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ga layukan da ake bi.

Mafi shahara shi ne jerin da kamfanin Diamond ya fitar a tsakiyar shekarun 1930. Na 1934 shi masu tarawa ke kira mai gefen azurfa, saboda layin ruwan azurfa da ya kewaye hoton, kuma yana ɗauke da 'yan wasa kusan 200. Hoton ɗan wasa a gaba, ɗan taƙaitaccen tarihinsa a baya. Wanda ya biyo baya a 1935 gefensa baƙi ne. Abin da ke tsawaita aikin shi ne ɗan wasa guda yakan fito a launuka daban-daban, ja, kore, shuɗi da sauransu, don haka tun farko ka yanke wa kanka hukunci: ɗaya na kowane ɗan wasa kake nema, ko kowane launi? Wanda ya ce kowane launi ya ɗauko aikin shekaru.

A cikin waɗannan jerin za ka haɗu da Dizzy Dean, wanda ya ci wa St. Louis Cardinals wasa 30 a kakar 1934 kuma suka ɗauki kofin duniya na besbol a hannun Detroit Tigers. Akwai Carl Hubbell na New York Giants, wanda a wasan zaratan 'yan wasa na wannan shekara, a filin Polo Grounds, ya fitar da Babe Ruth, Lou Gehrig, Jimmie Foxx, Al Simmons da Joe Cronin ɗaya bayan ɗaya. Akwai Mel Ott, akwai Casey Stengel wanda a 1934 ya karɓi horar da Brooklyn Dodgers. Abin da ba za ka gani ba shi ne baƙar fata ko guda. Manyan gasannin besbol biyu na Amurka sun rufe musu ƙofa har sai da Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Dodgers ranar 15 ga Afrilu, 1947. Idan ka baje albam ɗin Diamond a gabanka, wannan giɓi shi ma wani abin karantawa ne.

Za ka riƙa ganin 'yan kasuwa na rubuta U1, U2, U3 a jikin waɗannan jerin. Lambobin sun fito ne daga kundin Jefferson Burdick, mutumin Syracuse da ya tsara wa katunan Amurka haruffa da lambobi, wanda tarinsa ke ajiye yanzu a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. U1 shi ne mai gefen azurfa. Ka haddace wannan, zai sauƙaƙa maka bincike.

Layi na biyu, wanda ni ya fi kwanta mini a rai, shi ne wuraren kasuwancin 'yan wasa. A da ba a biyan ɗan besbol irin kuɗin yanzu, da yawansu sukan buɗe wata sana'a da sunansu, kuma a wancan zamani da wuya ka shiga gidan abinci ka fito ba ashanarsa a aljihunka. Iyalan Joe DiMaggio sun buɗe gidan cin kifi a bakin ruwan San Francisco a 1937. Stan Musial ya yi haɗin gwiwa a wani gidan abinci a St. Louis da aka fi sani da Stan Musial and Biggie's. Lefty O'Doul ya buɗe nasa a San Francisco a 1958. Mickey Mantle na da hannu a wani otal na Holiday Inn a garin Joplin na jihar Missouri. Yogi Berra da Phil Rizzuto kuwa gidan wasan bowling suka buɗe a Clifton, jihar New Jersey. Daɗin wannan layi shi ne ba shi da lissafin da aka rufe. Ba wanda zai ce maka ga iyakarsa, kullum kana iya cin karo da wanda ba ka taɓa ji ba.

Na uku, bango mai jadawalin wasanni. 'Yan kasuwar gari sukan buga jadawalin kakar wasan ƙungiyar garinsu a cikin bangon, tallarsu a waje. Waɗannan sun fi sauƙin tantance shekara, sun kuma fi araha, musamman na ƙananan ƙungiyoyin ƙauyuka da ƙananan birane. A nan sai in ja kunne: kamfanonin giya da na taba suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin besbol a wancan lokaci, don haka tallarsu ta cika wannan layi. Wanda ba ya son irin wannan a gidansa ba abin da ya rasa, na bankuna da gidajen mai da kamfanonin inshora da dillalan mota sun ishe shi.

Na huɗu, ƙungiya guda ko filin wasa guda, musamman waɗanda suka shuɗe: Ebbets Field da aka rushe a 1960, Polo Grounds da aka rushe a 1964, ko ƙungiyar Seattle Pilots da kaka ɗaya tak ta buga, a 1969, ta koma Milwaukee.

Zaɓi ɗaya. In ka ƙware a kansa ka ƙara wani.

Mataki na biyu: koyi karanta bango

Nan ne gishirin sana'ar yake, kuma nan zan fi daɗewa. Mai sayarwa zai iya rubuta duk shekarar da ya ga dama, sau da yawa ma ba da niyyar cuta ba, shi ma bai sani ba ne. Amma bangon da kansa yana faɗin shekarunsa ga wanda ya iya tambayarsa.

Shimfiɗa shi a tafin hannunka. Mai tsinke 20 faɗinsa kusan santimita 4 ne, tsawonsa in an buɗe kusan 11. Akwai masu tsinke 30 da 40 da suka fi faɗi, akwai ƙanana masu 10. Yana da fuska, da baya, da ɗan siririn doro a tsakaninsu inda ya lanƙwashe, sai wurin ƙyastawa.

Fara da wurin ƙyastawar. Idan yana gaba ne, a kan ɗan leɓen da murfin ke shiga ƙarƙashinsa, to tsohon yayi ne. A shekarun 1970 dokar kare masu saye ta Amurka ta sa aka mayar da shi baya, don kada tartsatsi ya kama sauran tsinkayen. Saboda haka duk wanda ya nuna maka bango mai wurin ƙyastawa a baya ya ce na 1940 ne, sai ka ƙara buɗe ido. Gargaɗin nan na Turanci da za ka gani a ƙasan murfi, "Close Cover Before Striking", wato rufe kafin ka ƙyasta, daga wannan fargabar ya samo asali.

Sai ka nemi sunan kamfanin da ya buga, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa kusa da wurin ƙyastawa, galibi tare da sunan gari. Diamond, Lion na New York, Universal na St. Louis, Ohio Match na garin Wadsworth, D.D. Bean na Jaffrey a jihar New Hampshire, su ne za ka fi gani. Kowane kamfani ya sha sauya yadda yake rubuta wannan layi, tsofaffin hannu kuma da shi kaɗai sukan ƙiyasta shekara. Kai dai a yanzu ka saba da duba shi kana rubutawa.

Adireshin mai talla ma shaida ne. A 1943 aka fara sa lambar shiyya a adireshin manyan biranen Amurka, irin "Brooklyn 25" ko "St. Louis 9". A 1963 aka kawo lambar gidan waya mai alƙaluma biyar da suke kira ZIP. To idan ka ga lamba ɗaya ko biyu bayan sunan gari, kana tsakanin 1943 da farkon shekarun 1960. Idan alƙaluma biyar ne, bai girmi 1963 ba, ko da kuwa hoton Babe Ruth ne a jiki. Lambar tarho haka: wadda ta fara da suna ko haruffa biyu kafin alƙaluma ta tsohon tsari ce, wanda aka riƙa watsarwa a shekarun 1960. Idan kuma ka ga tambarin shuɗiyar gaggafa da haruffan NRA, ka yi sa'a, domin wannan shiri na gwamnatin Roosevelt daga 1933 zuwa 1935 kaɗai ya rayu.

Sannan ga besbol ɗin kansa, wanda ya fi kowace shaida daɗin aiki. Ƙungiyoyi sun yi ta ƙaura, kowace ƙaura kuma iyaka ce:

Braves sun bar Boston zuwa Milwaukee a 1953, suka sake tashi zuwa Atlanta a 1966. St. Louis Browns sun zama Baltimore Orioles a 1954. Athletics sun bar Philadelphia zuwa Kansas City a 1955, daga nan sai Oakland a 1968. Dodgers da Giants sun bar New York zuwa California a 1958. Ƙungiyar Houston ta fara da sunan Colt .45s a 1962, sai a 1965 ta zama Astros. Mets ma 1962 suka fara, suka tare a filin Shea a 1964.

Ka ga ke nan jadawalin da ya nuna wasa da "Milwaukee Braves" ba zai fita daga tsakanin 1953 da 1965 ba. In kana so ka ƙara matsowa kusa da shekarar kanta, ɗauki rana guda daga jadawalin, a ce Lahadi ce ta faɗo a kan kaza ga wata, ka duba tsohuwar kalanda ka ga a waɗanne shekaru cikin waɗannan hakan ya dace. Minti biyar ya isa. Na sha gyara wa masu sayarwa shekara ta wannan hanya, wani ya gode, wani ya yi shiru.

Mataki na uku: lafiyar bango

Abu huɗu ake dubawa, kuma ga su bisa nauyinsu a wurina.

Shin wurin ƙyastawa na nan? A farkon wannan sha'awa mutane da yawa sukan sa almakashi su datse shi, don tsoron wuta ko don bangon ya shiga albam. Irin wannan guntulalle ne, darajarsa ta faɗi warwas, kuma a jerin Diamond suna da yawa ƙwarai. Hoton da aka ɗauka da wayo yana iya ɓoye wannan, don haka kada ka sayi bangon da ba a nuna maka shi a shimfiɗe daga kai har ƙafa ba. In ɗan wasan mai wuyar samu ne kana iya riƙe guntulallen na wucin gadi, amma ka biya kuɗin guntulalle.

Shin an taɓa ƙyasta ashana a jikinsa? Ko zane ɗaya ya rage masa daraja. A yawancin layuka masu tarawa ba sa karɓar wanda aka ƙyasta, sai dai ga kayan shekarun 1930 akan yi sassauci.

Sai cikinsa: akwai sawun gam, ko takardar albam da ta manne, ko rubutun biro? Na ƙarshe, ƙuraje irin su yagewa a ramin fin, tsatsa, karyewar doro, da koɗewar launi. Ramuka biyu na fin da layukan naɗi ba aibi ba ne, shaida ce cewa bangon ya taɓa zama ashana. Wanda bai da su ko kaɗan samfuri ne da dillalan kamfani ke yawo da shi don nuna wa masu talla. Wasu na son sa, wasu tsofaffin hannu kuma ba sa lissafa shi a cikin bango na gaske.

Kamfanonin tantance katunan wasanni irin su PSA da SGC suna karɓar bangon Diamond su ba shi maki su rufe a roba. Ga Dizzy Dean mai lafiya, hakan na da ma'ana. Ga ɗan wasan da ba a san shi ba, kuɗin tantancewar zai iya fin kuɗin bangon.

Mataki na huɗu: saye

Mafi yawan cinikin a kasuwar intanet ta eBay ake yi. Kafin ka taya komai, ka duba farashin waɗanda aka riga aka sayar, ba farashin da masu kaya suka sa ba. Kowa na iya sa wa hajarsa kuɗin da ya yi mafarki. Ka ɗauki wata guda kana kallo kawai, kana rubuta abin da ka gani, za ka yi mamakin yadda idonka zai waye.

Sari ya fi ɗai-ɗai riba ga mai haƙuri. Iyalai sukan sayar da tarin kakansu gaba ɗaya, ɗaruruwa a buhu guda, otal da gidan abinci da komai a cakuɗe, a ciki kuma ka tsinci biyu ko uku na besbol da ba wanda ya lura da su. Ragowar ba asara ba ne, su ne jarin musanye.

Musanye kuwa shi ne tsohuwar al'adar wannan jama'a. Ƙungiyarsu mafi daɗewa a Amurka ita ce Rathkamp Matchcover Society, wadda aka kafa a 1941 aka sa mata sunan Henry Rathkamp, kuma tana taron shekara-shekara inda ake gwanjo da musanye. A Birtaniya akwai British Matchbox Label and Bookmatch Society tun 1945. Yawancin waɗannan mutane ba besbol ne ya dame su ba, wani otal-otal yake tarawa, wani jiragen ƙasa. Amfaninka ke nan: abin da ke zinariya a wurinka, a wurinsa maimai ne da ya rasa yadda zai yi da shi. Manyan gidajen gwanjo irin Heritage na Dallas sai ka ajiye su don ranar da kake neman wani babban abu ko cikakken jeri.

A kula da jabu. Ba a cika wahalar da kai wajen ƙirƙirar bangon ɗan wasan da ba a sani ba, matsalar tana wurin manyan sunaye: Ruth, Gehrig, Mantle, Robinson. Akwai sababbin bango da ake bugawa yau da tsohon hoto, wasu ma da shayi ake rina su. Sayi ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10. Tsohon bugu ɗigoginsa a jere suke bisa tsari, na firintar gida kuwa a warwatse kamar an watsa gero. 'Yar tocilan mai hasken da ake duba jabun kuɗi ma tana aiki: takardar zamani takan yi ƙyalli fari-shuɗi a ƙarƙashinta saboda sinadarin haskakawa da aka fara zuba wa takarda bayan yaƙin duniya na biyu, kwalin 1934 kuwa dishi-dishi zai tsaya. In babu sunan kamfanin bugawa, ga babban suna, ga araha, to ka tuna araha ba ta ado.

Wanda ke saye daga wajen Amurka ya san wannan: gidan wayarsu ba ya ɗaukar ashana zuwa ƙasashen waje, kuma ba a yarda a sa ta a jakar da ake aunawa a tura ɗakin kaya na jirgi ba. Bango zalla, wanda aka cire wa tsinkaye, shi ne mai sauƙin tafiya. Ka roƙi mai kaya ya sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri, kuma ka tara saye da yawa a aiko lokaci guda, in ba haka ba kuɗin aike ya cinye na kaya.

Mataki na biyar: a cire tsinkaye ko a bari?

A kan wannan an daɗe ana jayayya. Al'adar Amurka ita ce a cire a shimfiɗa bangon, don ya fi sauƙin ajiya kuma babu fargabar gobara. Wasu, musamman waɗanda suka shigo daga ɓangaren katunan wasanni, sun fi son littafin a cike yadda ya fito daga masana'anta, kuma sukan biya ƙari a kansa.

Ga inda na tsaya. Idan na shekarun 1930 ne ya zo maka a cike, kada ka taɓa. Kwalin ya bushe, wurin ƙyastawa ya yi gautsi, kana miƙar da shi zai iya tsagewa, kuma abin da ka cire ba ya mayuwa. Haka wanda aka yi wa zane a jikin tsinkayen kansu, irin wanda kamfanin Lion ya yi suna a kansa: tsinkayen su ne adon, cire su kashe shi ne. Na bayan yaƙi da ake samu da yawa kuwa, cire abinka.

Yadda ake yi: shimfiɗa tsumma mai tsabta a tebur. Nemo gefen da ƙafafun fin suka lanƙwashe. Sa bakin siririyar wuƙa marar kaifi a ƙarƙashin kowace ƙafa ka ɗaga ta a hankali har ta miƙe tsaye. Juya, ka zare fin ɗin ta ɗaya gefen, tsinkayen za su fito da kansu. Kada ka yi amfani da abin cire fin na ofis, haƙoransa na cin kwali. Ni da kaina na ɓata wani kyakkyawan jadawali na shekarun 1950 da shi, garin sauri, har yau yana cikin albam ɗina da raminsa kamar an ciza. Tsinkayen da ka cire ka jiƙa su a ruwa kafin ka zubar.

Bayan nan sai danna. Sa bangon tsakanin farar takarda biyu, ka ɗora littattafai masu nauyi, ka manta da shi mako ɗaya ko biyu. Ban da dutsen guga. Wurin ƙyastawa na ɗauke da jan fosfaras da garin gilashi, ba ya shiri da zafi, launin bugun ma zai lalace. Datti kuma sai dai buroshi mai laushi. Ruwa, sabulu, ko goge-goge da ƙarfi, garin neman gira ne a rasa ido.

Mataki na shida: ajiya

Abokan gaba su ne rana, danshi, mugunyar roba, da ƙwari. Sayi shafukan albam masu aljihu da aka yi don bangon ashana, ka tabbata an rubuta babu PVC a jikinsu, domin wannan roba tana fitar da maiƙo da ke manne wa bugu a hankali. Kada ka bari wurin ƙyastawar wani ya kwanta a fuskar wani, yana gogewa yana kuma barin tabo. Ban da salatif, ban da gam, ban da ɗaurewa da robar kuɗi, ban da laminatin.

Mai ajiya a ƙasa irin tamu yana da ƙarin aiki. Damina na kawo danshin da ke sa fin tsatsa da kwali fumfuna, hunturu na kawo ƙura da bushewar da ke sa tsohon kwali karyewa, ga gara da kyankyaso da ke son takarda kamar me. Akwatin roba mai rufuwa ruf, da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, a ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa, sun wadatar. Ka riƙa buɗewa duk bayan wata biyu kana dubawa. Masu tsinkaye a ciki a ware musu gwangwanin ƙarfe, kowanne a rufe cikin 'yar ledarsa, nesa da kicin da hannun yara. In kana son rataye wasu a falo, ɗauki hotonsu ka buga ka rataye hoton, ainihin ya zauna a duhu. Jan launi ne ke fara koɗewa.

Mataki na bakwai: littafin lissafi

Tun daga bango na farko ka buɗe rajista, a littafi ko a kwamfuta: sunan ɗan wasa ko ƙungiya, launi, kamfanin bugawa, shekarar da ka ƙiyasta da dalilinka, lafiyarsa, inda ka samo, nawa ka biya. Ka ɗauki hoton waje da ciki. Kada ka rubuta komai a jikin bangon, ko da fensir ne, lambar ta tafi jikin aljihun albam.

Daga rajistar nan za ka fitar da takarda biyu da za ka riƙa yawo da su a waya: ta abin da kake nema, da ta maimai da kake da su don musanye. Ga mai bin jerin Diamond wannan dole ne, domin in ka haura bango hamsin ba za ka iya tuna ko Mel Ott ɗinka kore ne ko shuɗi ba, kuma mai kaya a wurin gwanjo ba zai jira ka je gida ka duba ba.